Ƙullin da Ya Ƙi Kwancewa: Shekara Goma Sha Shida Bayan Ilu Magini

Da daminar bana shekara goma sha shida ke nan da rasuwar mahaifina, Ilu magini, mutumin wani ƙauye da ke bayan Dantchiao. Sunansa bai taɓa shiga jarida ba sai yau. Shi ma jarida ba ta dame shi ba, in ta shigo hannunsa sai dai ya naɗe goro da ita. Ni ne ɗansa na fari, kuma ina koyar da falsafa a wata lise, wato babbar sakandare, a nan Magarya, darasin da ɗalibai ke kira filo suna yamutsa fuska. Na sha ɗaukar alƙalami zan yi rubutu a kansa in ajiye, domin akwai magana ɗaya da muddin ban faɗe ta ba, duk wani yabon da zan yi masa kwalliya ce kawai. Bana na faɗe ta a gaban mahaifiyata, shi ya sa zan iya faɗin ta a gabanku.

Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san kunyar ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa Inna, "Ina yaron nan?" alhali ga ni tsaye a gabansa. Bai taɓa zama da ni a tabarma ɗaya ba. Amma in an yi hutun lakwal, wato makaranta, ni ke kwaɓa masa ƙasa ina miƙa masa, shi yana kan tsani yana yaɓe, kuma a nan ne bakinsa ke buɗewa. Duk hirar da na taɓa yi da mahaifina, ya ba ni baya ne yana fuskantar bango. Har yau in na tuna muryarsa ƙeyarsa nake gani, da hular nan tasa da jar ƙasa ta rina.

Shekarar da na shiga ajin ƙarshe na lise aka fara koya mana filo, don tana cikin jarrabawar bak, wadda ake yi a kammala lise. Malaminmu, Mushe Adamu, ya ce babi uku ne ba za mu tsere musu ba: addini, da sani, da fasaha. Na koma gida hutun tsakiyar shekara kaina ya kumbura, ina jin babu wanda ya kai ni tunani tun daga Bande har Dungas. Kafin in kwana biyu labari ya zaga gari cewa ana koya wa ɗan Ilu darasin da ke tambaya ko akwai Ubangiji. Wasu dattawa suka same shi a bakin aiki suka ce ya cire ni tun ban lalace ba. Bai sauko daga tsani ba. Ya ce musu shi in ya gama ɗora azara sai ya taka ta ya jijjiga kafin ya bari mutane su kwana a ƙarƙashinta, don haka su bar yaro ya jijjiga. Da suka tafi, sai ya ce da bango, "Amma fa a riƙa yin salla a kan lokaci."

A kan babin sani kuwa, ni na tsokane shi. Mushe Adamu ya koya mana cewa zato daban, yarda daban, sani daban, kuma ba a ce mutum ya san abu sai in zai iya kawo hujja. Sai na tambayi Baba ta yaya ya san ƙasa ta kwaɓu. Ya ce ƙafarsa ce ta sani. Na ce wannan ba sani ba ne, tunda ba zai iya bayani ba. Ya yi dariya har tsanin ya motsa, ya ce to in je in kawo bayanin in gina ɗaki da shi. Na ji haushi ranar. Na ɗauka na kayar da shi ne ya fake da dariya.

Babin fasaha shi ne ya fi shafarsa, ko da yake bai san kalmar a yadda muke nufi ba. In ya gama yaɓen zaure, kafin ƙasar ta bushe, yakan zana mata ado da yatsa da tsohon cokali, layi na shiga cikin layi, babu awo, babu takarda. Damina biyu ko uku ruwa ya cinye. Na tambaye shi amfanin wahalar da ruwa zai wanke. Ya ce ruwa da aikinsa, shi ma da nasa, kuma in bai wanke ba me zai zana baɗi? Na rubuta wannan amsar a bayan littafina ina dariya, don in ba abokaina labarin yadda mutanen ƙauye ke tunani.

A Magarya wajen Gwaggo Hajara nake zaune, ƙanwar Baba. Duk ranar kasuwa Sale direba, mai motar da ke bi ta garinmu, yana kawo mini ƙunshi daga gida: gumba, ƙuliƙuli, ɗan garin kuka, a cikin guntun buhu. Inna ke haɗa kayan, amma Baba ke ɗaurewa. Yana da wani ƙulli da yake yi wa igiyar da ake jan bokitin ƙasa zuwa kan soro. Komai nauyin kaya ba ya zamewa, amma in ka ja bakin igiyar sau ɗaya sai ya kwance gaba ɗaya. Shekara uku ina lise, ban taɓa karɓar ƙunshin da ba wannan ƙullin ba. Bai taɓa aiko mini da gaisuwa ba, ban kuma taɓa jira ba, don ina jan igiyar na san yana lafiya. Shi kuma Sale ba ya miƙo kayan sai ya tsokane ni: "Malam filo, yau me aka gano? Akwai mu ko babu mu?"

Saura kwana uku a fara bak, da la'asar, Sale ya yi sallama. Bai ce malam filo ba. Ya gaishe ni da hannu biyu kamar wani babba, ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa. Na ce, "Yaya mutanen gida?" Ya ce, "Lafiya lau, suna gaishe ka." Gwaggo ta raka shi har waje, abin da ba ta taɓa yi ba, suka daɗe. Na shiga ɗaki da ƙunshin, na ja bakin igiyar. Ta ƙi. Na sake ja, ƙullin ya ƙara tsukewa. Na duba da kyau. An yi ƙoƙarin kwaikwayon ƙullin Baba, igiyar ta lanƙwashe a wurare da yawa alamar an ɗaura an kwance an sake, daga baya aka haƙura aka yi irin ɗaurin da mata ke yi wa bakin zane. Sai da na sa wuƙa na yanke.

To ga maganar da na ɓoye shekara goma sha shida. A wannan lokacin na sani. Jikina ya sani, kamar yadda ƙafar Baba ta san ƙasa. Babu abin da zai hana Baba ɗaure ƙunshin nan sai in hannunsa ba ya ɗaguwa. Motar Sale tana tasha ba ta koma ba tukuna, tafiyar ba ta kai ta yini ba. Da na fito na tsaya a gaban Gwaggo na ce, "Don Allah me ya sami Baba?" da ba za ta iya riƙewa ba, na san ta. Ban fito ba. Na zauna na shiga yi wa kaina darasi. Na ce ƙulli ai ba hujja ba ce. Ƙila ya tafi aiki garin Waca, ƙila ya yanke a yatsa. Na ce abin da nake da shi zato ne, mai hankali kuma ba ya zubar da karatun shekara goma sha uku saboda zato. Duk abin da Mushe Adamu ya koya mini don neman gaskiya, na yi amfani da shi na toshe mata hanya, kuma na iya sosai.

Kwanakin da suka biyo baya gidan Gwaggo ya cika da alheri. An sa mini nama a miya. An hana yara hayaniya. Rediyon mijinta da ba ya mutuwa ya mutu. Gwaggo takan zubo mini abinci ba ta dube ni ba, ni ma in karɓa ban dube ta ba. Kullum da safe in ce, "An ji labarin gida?" da muryar da ke roƙon a ce lafiya, ita kuma ta ce lafiya. Al'adarmu ce, kowa ya san ta: ba a gaya wa mai jarrabawa mugun labari sai ya ajiye alƙalami. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sau da yawa mai jarrabawar ma yana taya su ɓoyewa.

Filo muka fara rubutawa. Cikin tambayoyin da aka ba mu na zaɓi wadda ta shafi sani. Awa huɗu ina rubutu. Na bambance zato da sani dalla-dalla, na nuna cewa alama ba ta isa a gina hukunci a kanta ba. Har misalin magini na kawo, wanda ke cewa ƙafarsa ta san ƙasa, na nuna cewa nasa sabo ne, ba sani ba. A duk takardun da na rubuta a bak, a wannan na fi samun maki.

Ranar da muka gama, ina fitowa daga ƙofar makaranta na ga Sale a tsaye, hularsa a hannu. A mota ya gaya mini. Bayan ruwan farko Baba ya hau wani soro gyaran indararo, ƙasar ta jiƙe, gefen ya zube da shi. Kwana tara yana kwance. A ƙaramin gidan likita na kusa da mu an ce a kai shi Magarya, ya ce ba inda za shi sai yaron nan ya gama, domin gidan likitan Magarya ba shi da nisa da gidan Gwaggo, kuma duk tasha an san shi, labari zai iso ni kafin a sauke shi daga mota. Ya rasu ana saura takarda ɗaya. Na tarar an yi kwana biyu da rufe shi, mutane na zaune a ƙofar zauren da ya zana.

Abin da na yi bayan nan shi ne ya fi ba ni kunya. Na tayar da hankalin kowa. Na ce an cuce ni, an raba ni da ubana. Shekara biyu ban taka gidan Gwaggo ba, matar da ta ciyar da ni shekara uku. Sale kuwa na daina shiga motarsa, gara in hau kabu-kabu in sha rana. Babu wanda ya mayar mini da magana, suna cewa a bar shi, zafin rashi ne. Gwaggo ta rasu shekara biyar da suka wuce. Mun shirya kafin nan, amma a matsayin ni ne na yafe mata, ita kuma ta gode. Ta tafi da laifin da ba nata ba. Sale yana nan, ya tsufa, ya bar tuƙi. In an karanta masa wannan, ina roƙonsa gafara a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a na wulaƙanta shi.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga yau. Rabin gidajen da ya gina an rushe an sa bulon siminti, an shafa fenti mai ƙyalli. Ba na jin zai yi faɗa. Zai shafa bangon da tafin hannu, ya ce yana da kyau, sannan ya tambaya a ina mutum zai sa yatsa. Ɗalibaina yanzu filo ɗinsu a cikin waya yake, suna turo wa juna amsoshin da wani ya riga ya rubuta, su haddace gabatarwa da kammalawa, tsakiya kuma Allah ya kiyaye. Har yanzu duk shekara sai an sami uba ɗaya ya zo yana tambayata ko darasin nan ba zai taɓa imanin ɗansa ba, ni kuma in ba shi amsar azara, in ce wani masani ne ya faɗa. Ba su taɓa tambayata a wace jami'a ya yi karatu ba.

Wayar nan ta kashe al'adar ɓoyewa, ko ta kusa. Yau kafin a gama yi wa mamaci wanka hotonsa ya zaga gari, yaro na bakin ɗakin jarrabawa zai gani. Wasu na kukan haka, suna cewa an daina tausayi. Ni ban san inda zan tsaya ba. Da a ce a lokacinmu akwai ta a kowane hannu, da an tilasta mini sanin abin da na riga na sani, da na je, da ƙila na sa an ɗauke shi da ƙarfi an kawo shi likita. Ƙila kuma da bai canja komai ba, kwana ya ƙare, na yarda da wannan, kuma ba baki kawai ba. Babin addini ya koya mini cewa yarda da ƙaddara ba ta hana mutum sanin nasa rabon a cikin abin da ya faru. Nawa rabon shi ne zaman da na yi a ɗaki da igiya a hannu.

Duk shekara kafin ruwa ya sauka nakan je in yaɓe zauren gidanmu. Bana ina yaɓe da hantsi, Inna na zaune a bayana tana tsince wake. Sai na lura na ba ta baya ina fuskantar bango, kuma ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Inna, ƙunshin nan na ƙarshe. Na gane ba shi ya ɗaura ba. Tun ranar na sani, na ƙi zuwa."

Ina jin ƙarar wake a cikin ƙwarya. Sannan ta ce, "Ai mun san ka gane."

Ta ce ranar kasuwar Baba ya sa aka kawo masa igiyar yana kwance, ya yi ta ƙoƙari, yatsun suka ƙi. Sai ya ce ta ɗaura yana nuna mata da baki. Sau huɗu tana yi tana kwancewa. Da ya ga abin da ta yi a ƙarshe, ya ce, "Wannan ba zai ruɗi yaron nan ba, yana da ido." Ta ce to a fasa aikawa. Ya ce in ba a aika ba ya fi muni. Sannan ya ce in na gane na zo, kada a yi mini faɗa. In kuma na gane na zauna, to na yi abin da aka tura ni yi, kada wanda ya taɓa tayar mini da maganar har abada. Ta riƙe wannan shekara goma sha shida, tana jina ina zagin mutane a kan an ɓoye mini.

Na ɗauka ta gama, har na fara jin wani sauƙi yana shigata. Da ma ban sake tambaya ba. Amma aikina ke nan, tambaya. Na ce, "Bai neme ni ba?"

Ta ce, "Ka san ba zai kira sunanka ba. Sai dai tun daga ranar, duk motar da ta tsaya a gindin kuka, in ya ji ƙararta, sai ya buɗe ido ya ce, wa ya sauka? In ce masa wane ne da wance. Ya ce to, madalla, ya rufe ido. Har ranar ƙarshe."

Ban iya juyowa ba. Na tsaya da ƙasa a hannu har ta bushe a yatsuna.

Shi ya hana a gaya mini, shi ne kuma ke sauraron mota. Na yi shekaru ina koya wa yara cewa magana biyu masu karo da juna ba za su zama gaskiya tare ba, ga shi mahaifina ya rayu kwanakinsa na ƙarshe a cikin biyun, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Zuciyata ta karye da wannan labari fiye da yadda ta karye ranar da Sale ya cire hula, kuma ba na so a ce mini in yi haƙuri. Haƙurin ina yi, ciwon ne dai bai tafi ba.

Me ya rage na Ilu magini? Zanen zaurenmu ruwa ya gama da shi tun shekara ta uku. Ni yaɓe kawai na iya, sumul, ban iya zane ba, don lokacin da ya kamata in kalli yatsunsa ina can ina yi masa gardama. Ƙullinsa ma ban koya ba, na iya kwancewa ne kawai, kuma duk maginan da na tambaya babu wanda ya yi shi daidai. Babu hotonsa ko ɗaya. Akwai takardar bak a cikin akwatina, a ƙarƙashinta kuma guntun igiya mai ƙullin Inna, da wurin da wuƙa ta yanka. Akwai amsoshinsa uku da nake raba wa 'ya'yan mutane duk shekara ba tare da sunansa ba. Daga bana zan riƙa faɗin sunan. In na zo babin sani kuma zan gaya musu cewa akwai sanin da ke zuwa kafin hujja, kuma in ya zo musu a kan wanda suke ƙauna, su tashi su tambaya da babbar murya, ko da saura kwana uku.

Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan Gwaggo Hajara, ya yalwata musu makwanci, ya sa ginin da ya yi wa mutane ya zame masa inuwa.

Kukar tana nan, motoci har yanzu a gindinta suke tsayawa. Makon jiya na koma. Kafin in shiga gida sai na zarce maƙabarta da jakata a kafaɗa, na yi masa sallama, na yi addu'a. Na daɗe a tsaye, sannan na ba shi amsar tambayarsa. Na ce, "Baba, ni ne na sauka."